Baba Mai Jakar Tsofaffin Wayoyi

Tun kafin masu shara su gama goge ɗakin taro Baba Mai Jaka yake isowa. Aikinsa a takarda bai taka kara ya karya ba: ya jona majigi, ya gwada lasifika, ya lallaɓa kwamfutar mai jawabi har ta shirya da allon bango. Shekara goma sha shida ke nan yana haka a tarukan masu haɗa manhajar waya, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Sai dai ba don majigi ake jinjina masa yau ba, don jakar da ke rataye a kafaɗarsa ne.

Wayoyi bakwai ne a cikinta, babu ta kirki ko ɗaya. Wata fuskarta ta tsage, wata da roba aka ɗaure mata batir, wata kuwa in ka kunna ta sai ka sha ruwa ka dawo kafin ta farka. Duk wanda zai nuna manhajarsa a kan dandamali, Baba zai matso ya ce a ɗora masa ita a ɗaya daga cikinsu ya ɗan taɓa. Bai iya rubuta manhaja ba, bai kuma taɓa cewa ya iya ba. Shi dai mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf: in na danna nan fa, me zai faru? Wasu su yi dariya su ba shi, wasu su haɗe rai. An taɓa yin wani gwani da ya yi awa guda yana koya wa jama'a muhimmancin sauraron masu amfani da manhaja, alhali da safen nan ya ce wa Baba ba shi da lokaci.

Abin da ya faru a taron bara kuwa, a gaban mutane aka yi shi. Wata injiniya ce za ta yi jawabi. Ta haɗa wa wani asibiti manhajar da ungozomomi za su riƙa aiko da bayanan masu juna biyu. An raba wa mata arba'in, amma shida kawai ke aikowa, kuma duk masu ƙuruciya ne. Shugaban asibitin ya riga ya yanke shawarar sallamar sauran talatin da huɗun a sati mai zuwa, wai sun ƙi koyo. Ita ma injiniyar ta yarda da haka, har jawabin nata a kan dalilin da ya sa manya ke gudun fasaha ne.

Kafin ta hau dandamali, Baba ya zaro wayar da yayarsa ta daina amfani da ita, aka ɗora masa manhajar a kai. Yayar tasa idonta ya yi rauni, don haka an ƙara girman rubutun wayar har ƙarshe, shi kuma bai taɓa mayar da shi ba. Ya gyara zaman tabarau, ya cika suna, ya cika watannin ciki, ya ja shafin sama ya ƙi motsi. Ya juya wayar, ya sake ja.

"'Yata, na gama cikawa," in ji shi. "To ina zan danna ya tafi?"

Ta miƙo yatsa za ta nuna masa, sai yatsan ya tsaya a iska. Babu maɓallin aikawa. Manyan haruffan sun ture shi ƙasa, ya fita daga fuskar wayar gaba ɗaya. Su biyar suka yi aikin nan wata takwas, babu wanda ya kai shekara talatin, babu kuma wanda ya taɓa buƙatar ƙara girman rubutu.

Saura minti ashirin a kira ta. Ta ce masa duk jawabinta ya rushe. Baba bai ba ta haƙuri ba, sai ma ya tambaye ta ko ana iya haska wannan tsohuwar wayar a allon bango, don ya daɗe yana son ya gwada. Aka gwada, ta yi.

Haka ta hau dandamali da wayar yayar Baba a hannu. Ta nuna wa mutum ɗari uku shafin da ba shi da mafita, ta ce duk wanda ya taɓa gwada manhajarsa da manyan haruffa ya ɗaga hannu. Hannu uku aka ƙirga. Da ta nemi a tafa wa Baba, yana can bayan labule yana naɗe igiyar lasifika, bai ma ji ba.

Tana saukowa, kafin ta kira shugaban asibiti, sai ta kira babbar ungozomar cikinsu don ta nemi gafara. Tsohuwar ta ce, "Kullum sai na cika shi, 'yar nan. Na ɗauka idona ne ba ya gani, kunya ta hana ni tambaya."

Baba, kai ne ka yi tambayar da kunya ta hana mata talatin da huɗu yi. Kai ne ba ka jin nauyin cewa ban gane ba a ɗakin da kowa ke nuna ya sani. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya, ko da yake mun san ba za ka bar na'urorin gidanka su huta ba.

Ku kuma masu haɗa manhaja, kafin ku hau dandamali ku ce mutane sun ƙi koyo, ku miƙa wa gwaggonku wayar, ku kama bakinku, ku zuba ido. Waɗancan matan dai ba a sallami ko ɗaya ba, suna nan suna karɓar haihuwa.