Na Sa An Binne Rubutun Kakana Saboda Na Yarda da Kwamfutar da Na Haɗa

A lokacin da abin nan ya faru ina da shagon gyaran kwamfuta a Rano, kuma babu abin da ya fi girman kai yawa a shagon. Na iya aikina, wannan har gobe ba na musu. Ni nake haɗa kwamfuta tun daga kwangonta har ta tashi, malaman makaranta da ma'aikata duk wurina suke zuwa. Matsalata ita ce idan na karanta abu sau ɗaya, sai in ɗauka na gama saninsa.

Asalinmu mutanen Fassi ne ta ƙasar Kibiya. Kakanmu malami ne, ya rasu ya bar littattafan fiƙihu da ya kwafa da hannunsa, gefen kowane shafi cike da bayanansa, wani da Larabci wani da ajami. Suna hannun Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya gaji makarantar. Gara ta ci wasu, danshi ya manne wasu, idan ka ɗaga shafi sai ya gutsure a hannunka. Na ce masa ya bar mini, zan ɗauki hoton kowane shafi in adana a inda gara ba ta zuwa.

Don wannan aiki na ƙuduri haɗa kwamfutar ajiya ta musamman a gida, wadda muke kira saba. Na karanta cewa akwai wani irin ram, wato ma'ajiyar da bayani yake bi ta cikinta yayin da kwamfuta take aiki, wanda ake kira ECC: idan kuskure ya gifta, shi da kansa yake ganowa ya gyara. Na shiga birni na sayo shi na hannu. Da na zo sayen madabod, babban allon da komai yake hawa kansa, sai na zaɓi wani da na saba aiki da shi. Mai shagon ya ce anya wannan allon yana amfani da gyaran kuskuren kuwa, domin shi a saninsa sai allon da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, duk sun yarda da shi. Na yi masa dariya, na ce ya sayar mini kawai, ni ne mai haɗawa. Na dawo na sa ram ɗin, ya shiga raminsa daram, kwamfuta ta tashi. Na ce shi ke nan.

Wata biyu na yi ina ɗaukar hotuna ina turawa cikinta, ina goge na kan ƙaramar kwamfutata don samun wuri. Har faifan ajiya na biyu na sa, na kwafe komai a kai, ina jin babu wanda ya kai ni tsantseni. Da na gama, Baffa ya kira ni ya ce takardun da suka fi lalacewa suna ta zubewa, ga ayoyi a ciki, yana tsoron a taka. Yana so a naɗe su a binne kamar yadda ake yi wa takarda mai sunan Allah idan ta tsufa. Amma ya ce kafin nan mu zauna mu yi muƙabala, shi yana riƙe da takarda ni ina buɗe hoto, shafi bayan shafi, kamar yadda kakanmu yake yi idan ya gama kwafe littafi. Wallahi har yau ina jin kunyar amsar da na ba shi. Na ce masa wannan wahalar ta mutanen da ce, kwamfutar nan da kanta take yi wa kanta muƙabala. Ya dube ni ya ce tunda na tabbatar, to Allah ya sa albarka. Aka naɗe su a farin ƙyalle, aka binne a bayan masallaci inda ƙafa ba ta bi.

Damina ta wuce kafin Baffa ya aiko in buga masa babin gado. Na buɗe hoto na farko lafiya. Na biyu rabinsa toka-toka. Na uku ya ƙi buɗuwa sam. Na koma faifai na biyu da sauri, na tarar da irin ɓarnar sak, domin abin da ya riga ya lalace na kwafa. Da na bincika sai na gano ɗaya daga cikin ram ɗin yana da lahani, allon kuma bai taɓa kunna gyaran kuskuren ba ko sau ɗaya, ya ɗauke shi kamar kowane ram. Mafi yawan shafukan sun tsira, amma waɗanda suka lalace da dama suna cikin na binnewa.

Na hau babur na tafi Fassi na faɗa masa komai, ban rage ba. Na roƙe shi mu tona. Bai so ba, amma ya ga halin da nake ciki ya yarda. Muka tarar da ƙyallen ya ruɓe, takardun sun zama dunƙulen laka mai baƙi-baƙin tawada. Baffa ya tsuguna ya mayar da ƙasar da hannunsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu na haɗa wata sabar yadda ya kamata. Ina duba takardar allo da ta furosesa kafin in saya, ina gwada ram kwana da kwanaki, kuma sai na ga shaidar gyaran yana aiki da idona. Masu wannan sana'a, ram ya shiga rami kwamfuta ta tashi ba ya nufin yana aikin da kuka saye shi dominsa. Kada ku bari a rabu da asalin abu sai kun buɗe kwafinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma idan dattijo ya ce a sake dubawa, ku zauna a duba.

Duk Juma'a ina zuwa Fassi, Baffa yana faɗo abin da ya haddace daga bayanan mahaifinsa ina rubutawa. Wani lokaci yakan tsaya a tsakiyar magana, ya rufe ido ya daɗe, sannan ya ce in bar wurin fari, ya manta abin da Malam ya ce a nan.