Gorunan Albarushi Biyu a Garejinmu

Ko zan manta komai na zamana a birnin Greensboro na Amurka, ban da ranar da idona ya fara sauka a kan wasu baƙaƙen gorunan roba guda biyu, a jere bisa kantar garejinmu. Watana biyar ke nan da zuwa, amarya sabuwa fil, kaina cike da littattafan soyayya. A cikinsu na koyi cewa mace ta ƙwarai ba ta tambaya, shammatar miji take yi da abin da zai sa ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

Maigidana yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito a titin Wendover. Jikan maharba ne, kuma a wurin aikin ya haɗu da wani dattijo baƙar fatar Amurka da muke kira Baba. Shi ya koya masa farautar barewa, ya koya masa ɗura harsashi da hannu: a ɗauki kwanson da aka riga aka harba, a auna albarushi a ɗan ƙaramin sikeli, a zuba, a ɗora kan harsashin.

Wata safiya ya ce mini, "Amarya, yau dai zan je in zaɓo hoda."

Na gyara zama ina murmushi. "Yallaɓai, ka san kalar fatata kuwa? Kar ka kwaso mini ta Turawa in fito kamar fatalwa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ba ta fuska ba, ta bindiga. Mutanen nan suna ɗaya suke kiransu."

Daga nan ya zauna yana yi mini bayani. Wai sati uku yana nazari shi da Baba kafin su tsaya a kan wanda ya dace da doguwar bindigarsa, domin albarushi iri-iri ne, wani yana ci a hankali, wani yana tashi fat ɗaya. Yana magana hannunsa na yawo a iska. Ni kuwa, Allah ya sani, gashin idonsa nake kallo, ina rayawa a raina cewa ko a littafi ban taɓa cin karo da irinsa ba. Sai daga baya kalmomin suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, lokacin da ba su da sauran amfani.

Wata Asabar aka kira shi aiki, na ce yau ranar mamaki ce. Na share garejin, na goge, na jera komai. Ko turaren wuta ban kunna ba, don wannan kam na san ba a kai wuta kusa da albarushi, har ina yaba wa kaina hankali. Da na zo kan gorunan nan, na ga kowanne bai kai rabi ba. Rubutun jikinsu ya bambanta, amma na ɗauka bambancin kamfani ne, kamar na madarar gari. A gidanmu ba a barin gwangwani biyu rabi-rabi su cinye wuri. Na juye ɗaya cikin ɗaya, na girgiza don su haɗu da kyau, na jefa wanda ba komai a bola.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. "Iye! Garejin ya koma falo." Ya kalle ni irin kallon da nake nema. Na kwana ina jin daɗi.

Bayan sati biyu, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Baba ne. Sun je filin gwajin harbi, harbin farko bindigar ta tarwatse a hannun maigidana.

Yatsu biyu na hannun hagu suka tafi, idon hagu kuma bai sake gani ba sai dishi-dishi. A barandar asibiti Baba ya zauna kusa da ni, hularsa a hannu, jini ya bushe a rigarsa. Ya ce, "'Yata, wannan ba ƙaramin kuskuren awo ba ne. Kamar albarushin ƙaramar bindiga ne ya shiga. Nawa na bari a kantarsa. Shekara hamsin ina gaya wa mutane kada a ajiye iri biyu wuri ɗaya, sai ga shi ni na ajiye."

Nan take na gane. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Ƙaddara ce, Baba."

Wata takwas na riƙe maganar. Na yi jinya kamar ba gobe, ina wanke ciwo, ina ba shi abinci a baki, matan unguwa suna cewa a yi koyi da ni. Shi kuma kullum yana zaune da ɗan littafin da yake rubuta awonsa, yana kanne ido yana bin layi-layi. "Na auna, wallahi na auna. To ko ɗaukar goran na yi ba daidai ba? Ai na zaci Baba ya riga ya ɗauke nasa." Mutumin da ko gishiri ba ya zubawa da ka, ya koma ba ya yarda da kansa ko a kulle ƙofa. Baba kuwa duk Lahadi sai ya zo ya yanke mana ciyawa, ya tafi ba tare da ya shigo ba.

Ranar da na faɗa, ba wani shiri na yi ba. Na same shi yana ƙoƙarin ɓalle maɓallin riga da yatsu uku, yana ce wa kansa, "Sakarai, kai ka jawo." Na durƙusa na faɗi komai, har girgizawar.

Na zaci zai yi ihu, ko ya rungume ni mu yi kuka tare. Bai yi ko ɗaya ba. Sai ya ce, "Yatsun na yafe tun kafin ki rufe baki, kuskure ne. Wata takwas ɗin ne ban san yadda zan yi da su ba. Ɗauko mayafinki. Ba ni za ki fara ba wa haƙuri ba."

Muka sami Baba a barandar gidansa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "Na gode, 'yata. Da kin zo da wuri." Ashe tun watan farko ya rabar da bindigoginsa da sikelinsa, ya ce hannun da ya nakasa ɗan mutane bai cancanci riƙe su ba.

Aurenmu yana nan, da 'ya'ya uku, sai dai na daɗe kafin in sake ganin wancan kallon. Na koyi cewa abin da ban sani ba, tambaya ake yi kafin a taɓa, ko da niyyar ta kai zuma daɗi. Na kuma koyi cewa idan ka yi shiru a kan laifinka, wani ne yake ɗaukar maka shi.

Baba bai sake shiga daji ba. Duk kaka, idan ganyaye suka yi ja, maigidana yakan ce ya gan shi zaune a kan kujera a baranda yana kallon motocin mafarauta suna wucewa. Shekara huɗu bayan nan Baba ya rasu, a kan wannan kujerar.