Tukwanen Taro a Garejin Hajiya

Tukwanen nan huɗu ba na matan Manchester kaɗai ba ne, kuma kowacce a cikinmu ta sani. Mun riƙe su ne saboda mun fi yawa, ba wani dalili.

Manyan tukwane ne na taro, irin waɗanda yaro zai shiga ciki ya ɓuya. Mu da matan Birmingham muka haɗa hannu aka sayo su a Kano. Ƙa'idarmu ita ce shekara a nan, shekara a can, a miƙa bayan Babbar Sallah. Kuma ba a miƙa su wayam. Wadda za ta kai sai ta zuba dambun naman layya a cikin ƙaramar. Idan kika ɗaga murfi kika ga ba komai, to ki bincika, an yi fushi da ke.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Hukumar gari, wato Council, ta rufe zauren da matan Birmingham ke taruwa a unguwar Sparkbrook, inda suke ajiye tukwanen. Shugabarmu ta Manchester, wadda kowa ke kira Hajiya, akanta ce mai aikin lissafin kuɗi, mijinta likita, suna da gida mai gareji a Withington. Ta ce a kawo wurinta kafin su sami wani wuri. Sun samu, wani ɗaki a bayan masallaci. Tukwane ba su koma ba. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Duk mai suna ko walima a Birmingham sai ta bugo waya tana roƙon aron abin da nata ne.

A lokacin ina makarantar manya a Gorton. Na haura arba'in kafin in iya karanta takardar GP, wato likitan unguwa, da kaina, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da safe ina aikin kula da tsofaffi, da yamma in tafi aji. Da aka rage malamai, sai aka haɗa ajinmu na Turanci da na tarihi don kada a rufe duka biyun. Haka na tsinci kaina cikin mutanen Girka na dā, ni da na zo koyon rubuta sunan magani. Na kuwa ji daɗinsu. Mutane ne masu son gardama, kamar 'yan gidanmu.

Malamarmu Baturiya ce, dattijuwa, da kanta take saƙa rigunan sanyinta. Wata rana ta ba mu labarin yadda garuruwan Girka suka ƙulla ƙawance don tsare kansu, suka tara dukiya ta haɗin gwiwa a wani ƙaramin tsibiri. Daga baya Atina, babbar cikinsu, ta ce tsibirin ba shi da tsaro, ta kwashe dukiyar ta kai gida. Ban san lokacin da dariya ta kubce min ba. Malama ta tambaye ni lafiya, na ce mata, "Na san garejin."

Darasin da ya biyo baya shi ne ya tsaya min a rai. Wani gari ya nemi ficewa daga ƙawancen. Mutanen Atina suka yanke a kashe mazan garin kaf, har suka tura jirgin ruwa da umarnin. Kashegari suka sake zama. Mutumin da ya tashi ya kare garin bai roƙi tausayi ba, bai ce zalunci ne ba. Ya nuna musu cewa matattu ba sa biyan haraji, kuma duk garin da ya ji labari zai yi yaƙi har numfashin ƙarshe. Aka tura jirgi na biyu, ya cimma na farko kafin a taɓa kowa.

Na ce wa Malama, "Ashe ba don Allah suka bar su ba, don cikinsu ne."

Ta ce, "Haka ne. Amma dai an bar su."

Ana cikin haka ƙanwata da ke Sparkbrook ta sami jika na fari. Ta nemi tukwane, Hajiya ta ce mata a makon nan likitoci suna da liyafa, ta yi haƙuri. Ta bugo min waya. "Yaya, a tukunyar miya zan dafa wa 'yan suna?"

Ranar Asabar da la'asar muna da taron mata a falon Hajiya. Ana shan shayi da cincin na miƙe. Na ce, "Hajiya, tukwanen nan amana ce. Riƙe su zalunci ne." Na ba su labarin Atina da tsibirin, ban rage komai ba.

Matar wani injiniya ta ce, "Atina kuma? A wace ƙaramar hukuma take?"

Wata ta nuna ni ta ce, "Ku bar Maman Biyu, an kusa shiga jami'a." Aka kwashe da dariya. Ni ma na ɗan murmusa, don na ga yadda na tsaya kamar mai huɗuba.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Cikin natsuwa ta ce, "Maman Biyu, let's be realistic. Mu ne ke da taro kusan kowane wata. Su nawa ne a can? Yawancinsu students ne, gobe sun koma gida." Ba ta ce ina ƙarya ba. Ta dai nuna min cewa gaskiyar ba ta da nauyi a falon nan.

Na zauna. Hira ta koma kan bikin 'yar Hajiya da za a yi idan an shiga hutun makaranta, aka zo kan abinci, aka zo kan waina. Duk Manchester ba mai iya wainar taro. Duk wadda aka taɓa ci a bukukuwanmu daga Sparkbrook ta zo, daga tandar ƙanwata da ƙawayenta. Na ji maganar mutumin nan na Atina ta taso min. Ban so ba, amma na faɗa.

"Hajiya, wa zai soya miki wainar bikin? Wadda kika hana tukunya ranar sunan jikanta?"

Hajiya ta daɗe tana juya cokali a kofi. Can ta ce, "Ai ni ban ce na hana ba." Ta tashi ta ɗauko makullin gareji ta ajiye a cinyata. "A kai musu. Dama shekararsu ce."

A bas ina komawa Gorton, haushi da daɗi suka haɗe min. Na faɗi gaskiya an yi min dariya, na ambaci waina gareji ya buɗe. Har yau ban yarda haka ya kamata a yi ba. Hajiya kuma ba muguwa ba ce. Ita ta wuni tare da ni a asibiti ranar da aka yi wa maigidana aiki. Na ba shi labarin a gida, ya ce shi dai fatansa a raga masa waina.

Kashegari da sassafe ya kwantar da kujerun bayan tasinsa muka nufi Withington. Na share ƙurar tukwanen, na jera su ɗaya cikin ɗaya. Ina da sauran dambun layya a kwalba, wanda na ɓoye wa tagwayena a bayan garin tuwo. Na juye shi duka a cikin ƙaramar, na rufe murfi, muka kama hanyar Birmingham.