Madubin bindiga a saman benena

Mijin 'yata ne ya kawo maganar, muna cin abinci bayan sallar Juma'a. Shi da iyalinsa suna zaune a hawa na sama na gidan da na gina a unguwar Ka'akiyya a Makka, ni da uwargidana muna ƙasa. Haifaffen Makka ne, jikan wani alhaji da ya zo da ƙafa daga ƙasar Katsina. Yana da takardar ɗan ƙasa da aiki mai kyau. Hausarsa rabi ce, sauran Larabci, har ni ma ammi yake kirana, wato baffa. Ya miƙo mini waya, sai na ga hoton bindiga, doguwa, baƙa, da ƙafafu biyu a gaba da madubin hange a gadon bayanta.

"Ya ammi, dubi wannan. Daga Turai ake kawo ta. Ƙirar sojoji ce, amma ana sayar wa mai tasrihi, takardar izinin hukuma."

"Wa ya yi maka laifi?"

Ya yi dariya. Ya ce wasa ne kawai, harbin allo a sahara tare da abokai. Ya jero mini amfaninta, kuma ba zan zalunce shi ba, bai yi ƙarya ba. Doka ta yarda. Ƙarfenta mai kyau ne, ba ta faɗuwa a kasuwa in ya so sayarwa. Abokinsa yana da garken tumaki a bayan gari, kuma karnukan daji suna yi masa ɓarna. Ya ce bindigar da ba ta kuskure ta fi tausayi, domin dabba ba ta wahala.

Na ce masa harsashinta da tsada, in wani abu ya lalace sai an jira daga ƙasar da ta fito, ga yara a gidan. Duk ya amsa: akwatin ƙarfe, makulli, harsashi a wani wuri dabam. Abin da ya rage a bakina ba ya shiga irin wannan lissafin.

Na yi fatauci a ƙasashe da yawa, na yi ciniki da Larabci da Faransanci da ɗan Turkanci. Ina yaro na san maharban garinmu da bindigar toka. Maharbi sai ya ja ciki cikin ƙaya har ya ji warin barewa, ya ga idonta, kuma in ya kuskure shi ke nan, ta tafi. Amma a wani gari a gabashin Cadi, lokacin da ƙasar ba lafiya, na ga aikin irin wannan ta hoton. Mai shayin da muke karyawa a wurinsa yana ɗauraye kofuna, sai ya kife. Bayan ya faɗi ne muka ji ƙarar. Babu wanda ya ga mai harbin. Na gaya wa surukina wannan, na ce don mutum aka ƙera ta, ba don allo ba.

"Can Cadi ne, ya ammi. Nan akwai aminci."

Wannan maganar ta ƙona mini rai. Amincin ai shi ne dalilina. Garin da ba a korar tantabara daga inuwa, ba a farauta, ba a sare itacen da ya tsiro da kansa, nan za a kwana da kayan yaƙi a kan ɗakin da nake salla?

Bindigar tana jiran takarda, madubin ya riga ta isowa. Wata rana da la'asar ya kira ni saman bene, yana murna kamar an yi masa haihuwa. Gidana a gefen dutse yake, yana kallon gidajen ƙasa. A unguwarmu saman bene wurin mata ne, nan suke shanya, nan suke shan iska, shi ya sa kowa yake ɗaga katanga. Daga wurina, da ido kawai, ba ka ganin komai sai farin tufa daga nesa. Haka muka saba da wani maƙwabcina, tsohon direban bas ɗin alhazai zuwa Arfa, wanda iyayensa suka zo ta Sudan. Yakan hau ya watsa wa tantabaru hatsi, ya ɗaga mini hannu, in ɗaga masa.

"Sa ido kawai, ya ammi. Dubi kan dutsen can."

Na sa. Dutsen ya taho har gabana. Hannun tsoho ba ya tsayawa wuri ɗaya, madubin ya zame ƙasa, sai ga maƙwabcina cike da idona. Na ga furfurar gemunsa, na ga maɓallin rigarsa da ya ɓalle. Layuka biyun nan da suka gitta juna a cikin gilashin suna daidai kan ƙirjinsa. Bayansa matarsa tana shanya, kanta ba lulluɓi. Ya ɗago kai. Rana ta haska gilashin, ya tsaya yana kallona, hannunsa a cikin kwanon hatsi. Bai ɗaga mini hannu ba.

Na cilla wa surukina abin a ƙirji.

"Ka ga abin da ka ja mini? Tun bindigar ba ta shigo ba ta mai da ni mai leƙen gidan mutane!"

"Wallahi ban yi nufin..."

"Ita ma ba ta da nufi. Aikinta ke nan, ta kawo maka mutum kusa shi bai sani ba. Muddin ina numfashi ba za ta haura matakalar gidan nan ba. In kuwa sai da ita, ku nemi haya."

'Yata ta hau da gudu tana cewa, "Baba, a hankali, ana jin ku a titi." Na ce a ji.

Kafin mako ya zagayo maƙwabcina ya sa an ƙara kwanon rufi a kan katangarsa, ta ɓangaren da ke kallonmu. A masallaci wajen gaisawa ya ba ni kan yatsu kawai ya wuce. Na tasa surukina gaba muka je gidansa, na sa ya faɗi komai da bakinsa, da Hausar tasa mai ɗingishi. Tsohon ya saurara, ya zuba mana shayi.

"Na yarda da kai, Alhaji. Amma iyali sun ce a bar kwanon."

Surukina ya sayi bindigarsa. Tana kulle a gidan gonar abokinsa mai tumaki, can bayan iyakar Harami, kuma bai sake ambatonta a gabana ba. Gidana ba ta shiga ba. Amma in na hau bene da la'asar, tantabaru nake gani suna sauka a bayan kwano, ban san ko mai hatsin yana nan ba.