Takalman da Na Saya wa Heaika

Yau Alhamis, ashirin ga Fabrairu. Tari ya hana ni sakat, ƙafar hagu ta kumbura, amma hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Heaika, ɗan ƙanwata, ranar Talata sha ɗaya ga wata ka rasu, da rana tsaka, a kwanar da ke gangaren kogi. Wurina za ka zo, da garin fulawa da gahawa da maganin zuciyata. Babur ɗinka na ƙanƙara ya ƙi juyawa, ya miƙe ya daki dutse. Shekararka arba'in da shida. An binne ka ranar Litinin, ban je ba, domin wanda zai ɗauke ni shi ne a cikin akwatin.

An gaya mini ta waya cewa a wurin shan gahawa bayan an tashi daga coci, Aslat mai shagon kayan babur ya ce, "Gudu ne ya kashe shi, ba wani abu ba." Mutane suka gyaɗa kai. Ƙarya yake yi! Kai ɗin da abokanka suke kira Kaka saboda tafiyar hawainiya? Saboda wannan ƙaryar nake rubutu.

Daga gari zuwa mararraba hanya ce daddaɓaɓɓiya, mai tauri kamar daɓen ɗaki. Daga mararraba zuwa gidana kilomita bakwai ne na dusar ƙanƙara mai laushi, har ƙirji, wadda majalisar gari ta ce ba za ta daddaɓe saboda tsoho ɗaya ba. Siraran takalman gaban babur, waɗanda yake sulɓi a kansu a madadin taya, suna cizon hanya mai tauri, amma suna nutsewa a dusa. Masu faɗi suna yawo a kan dusa, amma suna santsi a kan tauri. Shi ya sa hunturu tara kana durƙusawa a mararraba, ka kwance waɗannan ka ɗaura waɗancan, zuwa da komawa, da hannu tsirara, don safar hannu ba ta kama noti. Bara sanyi ya cinye maka kan yatsu biyu.

Da na yi faɗa, dariya ka yi. "Kawu, yatsu goma dama sun yi mini yawa. Kai dai ɗora wannan ruwan wankin da kake kira gahawa."

"Ja'iri, uwarka ma shi ta sha ta girma."

Kai kake faskara mini itace. Kai kake yanke mini farcen ƙafa ba ka yamutsa fuska. Da rani, lokacin yi wa 'ya'yan barewa alama a kunne, ba na iya zuwa, amma ko sau ɗaya ba ka sa alamarka a kunnen ɗan barewata ba, alhali babu mai gani.

Yatsun nan suka hana ni barci. Na kira Aslat. Ya ce, "Baba, sababbin takalma sun iso, ko'ina suna shiga, dusa da tauri. An daina wannan wahalar." Na sayar da farar barewata ta ƙarshe, na ce a ba ka su. Da ka kawo su nan, ka kifa ɗaya a cinya, ka bi ƙarfen ƙasansa da babban yatsa.

"Kawu, haƙorinsu gajere ne. Ranar da hanya ta zama gilashi ba za su ciza ba."

"Kyautar tsoho ce ka raina? To mayar masa, kada ka sake tako mini gida."

Ka fita, ka ɗaura su ina kallo ta taga. Bayan mako uku aka yi yayyafi, sanyi ya biyo baya, hanya ta zama gilashi.

Ina fushi da Aslat, wanda ya san abin da ya sayar, ya kuma tsaya a kan kabarinka yana ɗora maka laifi. Ina fushi da majalisa. Ina fushi da kai ma, Heaika. Kai da kake musu da limamin coci a kan wa'azinsa, me ya sa ka bi maganar tsohon da rabonsa da tuƙi shekara ashirin? Da ka jefa mini su a fuska, da na yi kwana biyu ina ƙunƙuni, da yau kana nan kana zagin gahawata. Fushin da nake yi da kaina kuwa, takarda ba za ta ɗauka ba.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya ba ka hutun da ban bar ka ka samu ba. Ya riƙe matarka Sunna, da 'ya'yanka Jovsset da Ravdna. Ya yafe mini, idan akwai sauran wuri.

Sunna ta ce yau za ta zo da yayanta. Wannan ba maganar waya ba ce, ido da ido nake son in gaya mata wanda ya sa aka ɗaura takalman. Na dafa nama, na sa kujera a bakin taga. Rana ta faɗi, ban ji ƙarar inji ba. Ba ta zo ba, kuma har yanzu a gari maganar Aslat kaɗai ake da ita.