Yadda Irin Geron Baba Ya Kusa Ƙarewa a Hannunmu

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka kai Baba makwancinsa a ƙauyenmu, can tsakanin Babura da Kanya Babba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo addu'a nake yi masa in ja bakina in yi shiru, don ni ba marubuci ba ne, ƙaramin ma'aikaci ne a Kazaure. Bana dai shirun ya gagare ni. Abin da idona ya gani a bayan gidanmu makon jiya har yanzu bai sake ni ba.

Baba manomin gero ne, kuma bai bar mana dukiyar da za a yi faɗa a kanta ba. Abin taƙamarsa irinsa ne: wani gero mai doguwar zangarniya da ƙwaya fara tas, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Idan aka dama furarsa, tun daga zaure za ka san ta gidanmu ce. Kafin girbi yakan shiga gona shi kaɗai da wuƙa, ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure, ya rataye a saman rumbu kashi uku. Na farko na shuka ne. Na biyu na gyara ne idan shukar ta mutu. Na uku kuwa ba a taɓa shi sai geron da ke gona ya yi ƙwaya. Ko yunwa ta kai inda ta kai, gara a ci tafasa da rama, amma ba a sauko da shi.

Kuma ba ya shuka don kawai ya ga ruwa ya sauka. Da safe zai je gona ya tona ƙasa da hannu. Idan danshi bai wuce wuyan hannunsa ba, sai ya kakkaɓe ya dawo gida, ya ce wannan ba ruwan shuka ba ne. Maƙwabta har leƙensa suke yi, sai sun ga ya saɓa sungumi sannan su ɗauki nasu. A iya sanina hannun nan bai taɓa yi masa ƙarya ba. Duk tasowata sau biyu kacal na ga an sauko da kashi na biyu.

Bayan rasuwarsa yayana Sale ne ya riƙe gonar, kuma bai sauya ko tsinke ba. Ina yawan tsokanarsa cewa har tarin Baba ya gada.

Bara ruwa ya sauka da wuri, mai ƙarfi. Yaya ya tona, danshi ya wuce wuyan hannu, ya shuka. Gero ya tsiro kore shar. Sai sama ta ɗauke, fiye da mako uku babu ko ɗigo, ga wani irin zafi da dattawa suka ce ba su san shi ba. Tun da hantsi ƙasa ba ta takuwa. Tsiron ya ƙone ƙurmus. Da ruwa ya dawo ya sauko da kashi na biyu. Ko kwana huɗu bai yi a ƙasa ba aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe ƙasar da irin gaba ɗaya ya zuba a kwari. Damina ta yi nisa, gona fayau, ga iyali suna kallonsa. Bai yi shawara da kowa ba, ya hau rumbu ya sauko da na uku. Wannan ya tashi da kyau, ya kai ƙirji, ya fitar da kai. Daidai lokacin da yake bununi ruwa ya yanke, bai sake dawowa ba. Zangarniyar ta bushe babu ƙwaya.

Ban san an yi haka ba sai da na zo gida da kaka na leƙa rumbu. Igiyoyi uku na gani suna reto. Na fito na sami Yaya.

"Yaya, ina irin?" na tambaye shi.

"Yana gona."

"Har na ukun?"

"Har na ukun." Sannan ya ce, "Duk yadda Baba yake yi haka na yi. Wallahi ban tsallake ko ɗaya ba, sai wannan na ƙarshen."

Na ɗaga masa murya a ranar, kuma ina jin kunyar hakan har gobe. Ni da nake zaune ƙarƙashin fanka ina jiran ƙarshen wata, ni ne nake koya wa manomi yadda ake riƙon iri.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina, da Baba zai dawo me zai ce? Na san da faɗa zai fara. Amma bayan faɗan zai je gona ya tona da hannunsa, ya ji danshin da ya saba ji, ya shuka, shukar ta mutu a gabansa. Wannan ne ya fi girgiza ni. Ba Yaya ne ya kasa ba, daminar ce ba ita ce wadda Baba ya sani ba.

Na sha jin dumamar yanayi a rediyo, ina ɗaukarta zancen masu taro a otal. Yanzu na fahimta. Hayaƙin masana'antu da motoci da man da duniya ke ƙonawa yana taruwa a sama yana riƙe zafi, zafin kuma ya birkita zuwan ruwa: ya zo a guje, ya ɓace, ya dawo da ɓarna. Waɗanda suka fi kowa ƙona man nan wataƙila ba su taɓa ganin gero a tsaye ba, amma a rumbunmu abin ya sauka. Raina yana ɓaci idan na tuna. Sai dai mu ma ba za mu wanke hannu ba. Gawo da kalgo da Baba ya bari a gonar, bayan ransa muka bar masu gawayi suka sare su, da yardata. Da suna nan, ba na jin ruwa zai kankare ƙasar nan haka.

Malaman gona suna cewa a koma iri mai saurin nuna, a saurari hasashen yanayi kafin a ɗauki sungumi, a daina sassabe ƙasa ƙal, a bar tohon itatuwa ya tashi. Yaya ya bi, bana sabon iri ne a babbar gona, kuma in Allah ya yarda iyali za su ci. Ina jin Baba ma zai bi, don shi ba mai taurin kai ba ne a kan abin da zai ciyar da gida. Zai dai kurɓi furar ya yatsine fuska, ya ce wannan ta baƙi ce.

Amma nasa irin fa? Na bi gidajen ƙauyenmu, wasu sun sauya, wasu nasu ya mutu kamar namu. Na zaga kasuwar Babura, har 'yan Nijar masu kawo hatsi na tambaya. Na je Roni. Babu. A ƙarshe aka tuna mini da ƙanwar Baba, Gwaggo Hansai, da ke aure a wani ƙauye wajen Gwiwa, tsohuwa tukuf. Ta saurare ni har na gama, sannan ta nuna mini rufin ɗakinta da sanda. Zangarniya biyu ce a soke, hayaƙi ya mai da su baƙaƙe, cikin waɗanda Yaya ya aika mata shekarun baya.

"Ban ajiye don shuka ba," in ji ta. "Idan na kalle su gidanmu nake tunawa. Ungo, ɗan nan, ku riƙe da kyau. Ba ni da wasu."

Yaya bai yarda ya kai su gona ba. Ya killace wani ɗan fili a bayan gida ya shuka, fiye da rabi bai tsiro ba saboda daɗewa. Sauran suka tashi, sai ruwa ya sake ɗaukewa.

Makon jiya na iso gida da la'asar, aka ce mini yana baya. Na same shi yana jan guga a rijiya, yana cika bokiti, yana bin geron tushe tushe yana ba shi ruwa kamar tumatir. Gero fa! Abin da muka tashi muka sani ya fi kowace shuka jure wahala. Na tsaya ina kallonsa. Wani mai wucewa a babur ya ɗaga murya, "Malam Sale, lambu aka buɗe ne?" Yaya ya ci gaba da ban ruwansa. Na tuɓe rigata na karɓi gugan.

Da muka gama na tsaya ina auna abin da ya rage mana na Baba. Itatuwansa mun sare. Gwajin hannunsa ya daina aiki. Ladabin da ya koya mana da iri shi ma sau ɗaya aka matsa mana muka saki. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, mu kuma ya yafe mana riƙon sakainar kashin da muka yi wa amanarsa. Na bi layin na ƙirga, tushe arba'in da bakwai ne. Su ke nan a duniya a iya sanina, kuma har yau da nake rubutun nan ko hadari bai haɗu ba.