Goggo Dela da Fim ɗin da Ya Karya Mana Hannuwa

Kowace safiya, kafin rana ta fara gasa garin Garwa, Goggo Dela takan shimfiɗa tabarma biyu a zaurenta, ɗaya tata, ɗaya ta wanda za a kawo. Sai ta zauna ta fere karan dawa, ta daidaita tsawonsa, ta yayyaga tsohon zane, ta ajiye kaskon man shanu inda rana za ta narkar da shi. Ba ta tambayar ko yau za a zo. Shekara talatin da bakwai tana ɗori, ta san garin nan ba ya wuni bai karya wani abu ba. A wurin mahaifinta ta gaji aikin, don 'yan'uwanta maza duk sun zaɓi tuƙin babbar mota. Bana ta ce za ta ajiye, manyan yatsunta sun daina jin ƙashi a ƙarƙashin fata.

Haushi ne ya sa na ɗauki alƙalami, ba zan ɓoye ba. Ka tsaya a bakin kasuwa ka ambaci wani tsohon fim na 'yan kareti da muke kira Mai Sarƙa, za ka ga magidanta masu furfura sun ajiye ciniki suna ba ka labarinsa daki-daki. Ka ce su gaya maka sunan mahaifin matar da ta ɗora su bayan sun kwaikwayi fim ɗin, sai a hau sosa ƙeya.

Ga wanda Allah Ya tsare bai gani ba, labarin ba shi da yawa. An yi wa wani saurayi sharri an kai shi kurkuku a wani tsibiri inda fursunoni ke fasa dutse. Wani tsoho da suke ɗaki ɗaya ya koya masa faɗa. Daga nan sai duka har ƙarshe. Yana fasa bulo da gefen hannu, yana dirowa daga kan tankin ruwa a kan gwiwa ɗaya, mugaye ashirin su kewaye shi amma su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar masu layin famfo. Jinin ciki ruwan tumatir ne, makaho ma ya sani. Faransancin da aka ɗora masa kuwa, baki ya gama motsi tun ɗazu magana tana nan tafe. Duk da haka na kalle shi ya fi sau talatin, kuma in aka kunna yanzu zan zauna. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi.

A ɗakin bidiyon wani mai suna Aristide muka fara ganinsa, lokacin kaset. Sati bai zagayo ba na jera bulo biyu a bayan gidanmu na kai masa sara. Na fim ban san da me aka yi shi ba, nawa dai na simintin kamfanin Figil ne, mai taurin gaske. Da aka kai ni zauren Goggo ina kuka wiwi, ko sannu ba ta ce ba. Ta kama wuyan hannuna ta lalluba, ta ce, "Na bulo ne ko na tanki?"

Na ce, "Goggo, kin ga fim ɗin ne?"

Ta ce, "Ina na ga ta kallo? Ku ne fim ɗina. Kai ne na shida tun Juma'a."

Haka ta san Mai Sarƙa, ta ƙasusuwanmu. Tsagewar gefen hannu na bulo ne. Gwiwa da idon sawu na tanki. Babban yatsan ƙafa, wannan wurin da yake harbin ƙofar ƙarfe ne. Tana iya gaya maka abin da ya zo farko a fim ɗin da abin da ya biyo baya, don masu gaggawa tun rabin fim suke fita gwaji. Kaset ya mutu ta ce ta huta, sai ga shi a faifai. Faifai ya mutu, sai ga shi a waya, ana tura wa juna. Sau uku fim ɗaya yana cika mata zaure, kuma wasu na zuwan ƙarshe 'ya'yan na zuwan farko ne.

Ke ce mai haɗa abin da wauta ta raba, Goggo. Ke ce ba ki taɓa cewa wani ya koma gida da karayarsa don shi ya jawo wa kansa ba, ko da yake bakinki bai taɓa raga mana ba.

Bara da zafi aka kawo mata Muktar mahauci. Ba yaro ba ne, shekararsa arba'in da ɗaya, 'ya'yansa huɗu, kuma duk abin da gidan ke ci daga hannunsa na dama yake fitowa. Abokan fawa ne suka kunna fim ɗin a waya bayan an gama fiɗa, suka hau tsokanarsa wai tun suna samari shi kaɗai ne bai taɓa gwada bulo ba. Mutumin da ke sassare ƙashin sa kullum ya ga bulo ba komai ba ne. Ƙashi biyu suka karye a bayan hannun. Goggo ta ja, ta daidaita, ta shafa man shanu, ta jera kara ta ɗaure. Ta ce masa, "Kwana arba'in. Ko cokali kada ka ɗauka da shi."

Kwana uku ya yi. A rana ta huɗu ya kwance karan, ya yagi tsohuwar riga ya naɗe hannun tam, ya koma mahauta. Da aka sake kawo shi hannun ya kumbura suntum, yatsu biyu sun fara baƙi. Halime matarsa tana bakin zaure tana share hawaye da gefen mayafi.

Goggo ta ce, "Wa ya ce ka kwance?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Goggo, shi ma ai haka ya yi. Da suka karya masa hannu, riga ya yaga ya ɗaure, da safe ya fita ya gama da su."

"Shi wa?"

"Mai Sarƙa."

Goggo ta miƙe tsaye. Ba ta sake taɓa hannun ba. Ta yafa mayafi ta sa aka tsayar da masu babur biyu, ita da kanta ta raka shi asibiti wurin Madam Véronique, ma'aikaciyar jinya da suka daɗe suna tura wa juna marasa lafiya. Ta ce mata, "Wannan ya wuce kara, 'yata. A ɗauki hoton ƙashin." Masu ɗori nawa ne za su faɗi haka a gaban mutane? Likita ya duba ya ce za a yi aiki, amma bai yi alkawarin yatsun nan biyu za su tsira ba. Mahauci babu riƙon wuƙa kuwa, sai dai ya koma kallon masu yi.

Washegari da la'asar ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ridwan, kawo mini wannan abin naku in gani." Na jingina waya da kaskon man shanu, muka zauna. Shekara kusan talatin tana jinyar fim ɗin, ranar ta fara ganin fuskarsa.

Na zaci tsaki za ta yi ta ja. Ina! Da aka zo wurin bulo ta matso da ido, ta ce, "Kai, an riga an tsaga shi, ga layin nan. Duk ba ku da idanu ne?" Da ya diro daga tanki ta ce ƙasar wurin an tone ta an zuba wani abu mai laushi, dubi yadda ta lotsa. Amma da tsohon nan ya jiƙa shinkafa da ruwa yana ɗura wa wani fursuna da aka fasa wa muƙamuƙi, sai ta gyaɗa kai ta ce wanda ya shirya wannan wurin ya taɓa ganin mai ciwo. Da aka rufe wa saurayin ƙofa a karon farko, aka ɗauke kiɗa, ya tsaya yana kallon bango, ta ce, "Allah sarki, ɗan mutane."

Abin da ya fi burge ta ban taɓa lura da shi ba. Ba jarumin take kallo ba, waɗanda yake jefarwa take kallo. Ta ce, "Mayar baya. Ka ga wannan mai ɗankwali a ka? Dubi yadda ya manne haɓa da ƙirji, ya sauka a kafaɗa ya mirgina. Bai tokare da hannu ba. Waɗannan su ne gwanayen, wallahi. Da su kuka kwaikwaya da tuni na yi ƙiba don hutu." Na duba sunayen ƙarshen fim ɗin daga baya, ban ma san wanne ne nasa ba.

Sai aka zo wurin rigar. Jarumi ya yage ta da haƙori, ya naɗe karyayyen hannu, gari ya waye ya dunƙule shi ya kai naushi. Goggo ta sa na tsayar. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Bulo ƙarya ce ta wasa, kowa ya gwada sau ɗaya ya hankalta. Wannan ita ce muguwar. Ta ce wa namiji jinya abin kunya ne." Daga nan ta ce in ci gaba, kuma, don ku ji irin matar da nake magana a kanta, ta sa na maimaita mata faɗan ƙarshe sau biyu tana tafa hannu tana dariya. Na tashi ina jin haushinta, da na fim ɗin, da na kaina.

Yatsun Muktar sun tsira. Bayan an cire masa filasta, wata uku yana zuwa zaure kowace safiya tana murza masa su da man shanu, yana ihu tana ce masa Mai Sarƙa ai ba ya kuka. Ranar ƙarshe ta miƙa masa wuƙar da take fere kara da ita. Ya riƙe ƙotar gam, ya yanki kara ya fita sumul. Halime ta rangaɗa guɗa. Sai ya ajiye wuƙar ya gwada dunƙule hannun, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka tsaya a rabin hanya, suka ƙi ƙarasawa.

Ya ce, "Goggo, ba ya dunƙulewa."

Ta ce, "Na abinci muka gyara maka. Na naushi ka je wurin Mai Sarƙa."

Mun gode, Goggo Dela. Useko, kamar yadda maƙwabtanki Fulani ke ce miki. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba yatsunki hutun da muka hana su. Da wannan hannun da kika ɗora nake rubuta miki wannan, kuma duk sanyin damina yana tuna mini da ke.

Ku kuma mutanen Garwa, ku kalli fim ɗinku, ban hana ku ba, ni ma ban daina ba. Amma matar nan ta ce za ta ajiye, kuma har yau ba wanda ya je ya ce ta koya masa yadda ake jin ƙashi da yatsa. Tana nan tana shimfiɗa tabarmar nan ta biyu kowace safiya. Duk garin nan mun zauna a kanta a karye. A samu mutum ɗaya ya je ya zauna da ƙashinsa lafiya.